Na'urar da Yaya Sa'a Ta Koya Wa Raɗa

Daminar bana ta cika shekara bakwai da muka kai Yaya Sa'a makwancinta a Ƙanƙara. A jami'ar da ta koyar Dakta Sa'adatu ake ce mata, amma a gida ba wanda ya taɓa kiran ta haka, ita ma ba ta so. Ni ne ƙanin da ke bi mata, malamin gona ne a Faskari, kuma ni na riƙa goya ta a mashin shekarun da take yawon bincikenta a ƙauyuka. Kowace shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro in ajiye. Bana dole ta sa. Akwai maganar lafiyata da na ɓoye wa iyalina wata huɗu, kuma tunanin Yaya ne ya hana ni sakat.

Aikinta, kamar yadda ta taɓa bayyana wa innarmu, shi ne neman sanin ko mutum yana jin halin da jikinsa ke ciki. Inna ta ce, "To wa zai ji mashi in ba shi ba?" Yaya ta yi dariya ta ce ai nan gizo ke saƙar. Ita da ɗalibanta sun haɗa wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce kwalin ashana ba, ana ɗaura ta a damtse. A ƙarƙashinta akwai ɗan ido mai koriyar wuta wanda dole ya taɓa fata, yana ƙirga bugun zuciya yana auna zafin jiki. Manomi zai yini da ita a gona, in ya taso Yaya ta tambaye shi yadda ya ji, daga baya ta zuba abin da na'urar ta tara a kwamfuta ta gwada da abin da bakinsa ya faɗa.

Matsalar farko daga bakin ta fito. Daga Ketare har Yargoje, har ƙauyukan Sabuwa, amsa ɗaya ce: Alhamdu lillahi, da sauƙi. Mutum ya yini yana huɗa, kwamfuta ta nuna zuciyarsa ta yi gudun da ya kamata a ce ya nemi inuwa tun hantsi, shi kuwa da sauƙi. Na tuna wata rana muna komawa gida tana ta mita a bayana. Ta ce mutanenmu ko kan mutum na hannunsa, ka tambaye shi jiki zai ce maka da sauƙi. Na ce ai tarbiyya ce. Ta ce ta sani, ita ma da ita aka raine ta.

Sai kuma Baba Ɗanlami na Tafoki, Allah ya ƙara masa lafiya, dattijo mai son barkwanci. Sati guda cur na'urarsa ba ta nuna bugun zuciya ko ɗaya ba. Muka je a tsorace, muka tarar da shi yana cirar ciyawa cikin masara. Ashe ya dubi abin ya ga na tsari ne, abin tsari kuwa ba a barin sa tsirara, sai ya kai wa baduku ya ɗinke ta ruf cikin jar fata kamar kambu. Idon ya daina ganin jikinsa. Yaya ta ce, "Baba, ai a takardata kun rasu tun ran Talata." Ya ce, "To Hajiya, ki gaya wa takardar taki ta zo ta kama mani noma."

Ni na ɗauka za ta ji haushi. Sai na ga ta zauna a kan kunya tana jujjuya kambun, ta ce Baba ya fi su gaskiya, robar da suka sa tana sa ƙaiƙayi in an yi zufa, kuma ba dattijon da zai so a gan shi da abin da ya yi kama da kayan wasan yara. Ranar muka nemi badukun. Ta nuna masa inda zai bar 'yar taga a fatar don idon ya taɓa jiki, daga nan duk na'urorinta suka koma kambuna. Waɗanda da suke noƙewa suka fara zuwa da kansu suna nema.

Abin da ya sauya aikin nata gaba ɗaya a Ketare ya faru, ranar gayya. A lokacin na'urar tana kuka ne da ƙarfi in zuciya ta wuce kima, don a ja hankalin mai ita ya huta. Malam Iro, manomin da ake ji da shi a garin, yana kan gaba a layi, makaɗi na zuga shi, sai kambunsa ya fara ƙara. Kowa ya tsaya. Wani ya ce to, ƙarfe ma ya ce Malam ya gaji. Aka yi dariya, ba da mugunta ba, amma surukinsa na wurin. Malam Iro ya ajiye hauyarsa. Ya kwance kambun ya rataye a reshen ɗorawa, ya koma ya kama hauya da ƙarfin da ya fi na da, har ya kusa kifewa. Da Yaya ta je ba shi haƙuri, magana ɗaya ya yi mata: "Hajiya, abin nan naki ya tona mani asiri."

Ta yi makonni tana tauna wannan magana. Ƙarshe ta cire ƙarar, ta sa na'urar ta riƙa ɗan girgiza a jikin fata, yadda mai ita kaɗai zai ji. Ta ce ta koya mata raɗa. Hujjarta ita ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma na'urar da ba ta san kunya ba, a reshen itace za ta ƙare. Wani abokin aikinta ya yi mata musu, ya ce gargaɗin da mutum ɗaya ke ji, mutum ɗaya na iya share shi. Ni a lokacin bayan Yaya na bi, har da cewa mutumin bai san ƙauye ba. Malam Iro kuwa ya karɓi kambunsa. In ya ji raɗar sai ya ce bari ya je ya sha ruwa, mutuncinsa na nan, ya huta.

Yau ga agogo mai irin wannan aiki nan a hannun matasa, ana sayar da shi a shagunan waya a Ƙanƙara, yana ƙirga taku yana faɗin bugun zuciya. Nakan ce da Yaya na nan da me za ta ce? Ina jin za ta fara tambaya ko wanda ya ƙera shi ya san ana alwala sau biyar, ya san akwai suruki a gona. Sannan za ta damu in ta ji yawancin hanyoyin da muka bi a mashin yanzu sai da shawara ake bin su, gonakin nesa da yawa sun koma daji saboda rashin tsaro. Manomin da ke noma kunnensa na sauraren ƙarar mashina, zuciyarsa na gudu tun bai ɗaga hauya ba. Ban sani ba ko na'urarta za ta iya raba bugun gajiya da na tsoro. Na tabbata dai da ta ɗauki littafi ta tafi tambaya.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba sai yau. Yaya ita ma tana ɗaure da kambu ɗaya ƙarƙashin hijabinta, tana cewa ba za ta ɗaura wa mutane abin da ba ta gwada a jikinta ba. A shekararta ta ƙarshe nakan ga ta kai hannu damtse ta dafe, tana magana ta ɗan dakata, sannan ta ci gaba. Sau ɗaya a Sabuwa, muna shan fura gindin mangwaro, na ce, "Yaya, jikin dai?" Ta ce, "Da sauƙi." Ni da na ji ta tana mita kan wannan amsa a bayan mashin, ni ne na karɓe ta na ci gaba da shan furata. Bayan wata uku ta yanke jiki ta faɗi a aji. Kwana biyu ta yi a asibiti.

Bayan sadakar arba'in wata ɗalibarta ta zo gida da kwamfuta, tana hawaye, ta nuna mani abin da kambun Yaya ya tara. Ban iya karanta zanen ba, amma ta fassara mani. Watanni zuciyar tana tsalle tana tuntuɓe, kusan kullum na'urar na yi mata raɗa. Yaya ta fi kowa sanin ma'anar abin. An ce wanzami ba ya son jarfa. Tana da ɗalibai da ba su gama ba, ga inna ba lafiya, ina jin cewa take bari a ga bayan damina. Kwana ya ƙare, wannan na yarda, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma na ji haushinta, kuma na ji haushin kaina fiye da nata. Da na'urar mai kuka ce a damtsenta, da na ji, da na juya kan mashin zuwa asibiti ko tana so ko ba ta so.

Shekara bakwai ina auna maganar nan, wa ya yi gaskiya tsakaninta da abokin aikinta. Raɗa ta tsare wa Malam Iro mutunci, yana nan da ransa yana aurar da jikoki. Raɗar kuma ita ta ba Yaya damar yin shiru. Inda na tsaya shi ne, na'ura iyakarta ta gaya wa mai jiki. Kai maganar ga wani kunne aikin mutum ne, kuma nan ne mu Hausawa muke da nauyin baki.

Bara 'yata ta kawo mani irin agogon nan tsaraba. Tun watan azumi ya fara girgiza a hannuna, yana rubuta cewa bugun zuciyata ba daidai yake ba, in ga likita. Na ja hannun riga na rufe shi. Na ce bari a gama rabon iri, sannan bari a gama shuka. Gani ga wane, aka ce, ya ishi wane tsoron Allah, amma ni bai ishe ni ba sai da na zauna rubuta wannan.

Shekaranjiya da safe maiɗakina, Hajiya Balaraba, ta kawo mani koko, ta tsaya tana duba na. Ta ce, "Malam, yaya jikin?" Bakina har ya ɗauko amsar da ya saba. Sai na naɗe hannun riga, na kwance agogon na sa mata a tafin hannu, na ce, "Ba sauƙi, Hajiya. Wata huɗu ke nan." Ba ta ko dubi agogon ba. Ta ce, "Na ga kana dafe hannu kamar yadda Yaya ke yi. Jira nake ka faɗa, da ba ka faɗa ba yau da na kira 'yarka." Ta ɗauko mani hula, muka tafi asibiti, an ba ni magani an ce in koma ranar Litinin.

Kambun Yaya na nan cikin akwatina, batirin ya daɗe da mutuwa, fatar ta fara tsagewa. Takardunta suna hannun ɗalibanta, su suka san darajarsu. Abin da ya rage mani nata shi ne tambayar nan da ta yi ta bi gona-gona tana yi, da sanin cewa in aka ce mani da sauƙi kada in tashi, in gyara zama in sake tambaya. Allah ya haskaka kabarinki, Yaya. Amsar da na kasa ƙwata daga bakinki a Sabuwa, na ba da ita a gidana.