Farantin da ke Reshen Bishiya

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mijinta, wata mai ɗinki ta jawo keken ɗinkinta zuwa ɗakinsa, ƙafa kan feda, ido kan gado. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa bisa tsani yana rufin kwano, yanzu cokali ma ya fi ƙarfinsa. Magana ta ɗauke. Abinci kuwa sai da lallashi, sai kuma an juya shi yana fuskantar taga, inda ta rataye tsohon faranti a reshen bishiya tana zuba wa kurciyoyi tsaba.

Ana nan sai ga 'ya'yan shaho su uku, fikafikansu ko ƙwari ba su gama yi ba. Tare suke zuwa su jeru kan katanga suna ta ihu kamar yaran da uwarsu ta tafi unguwa. Farautarsu abin dariya ce. Wannan ya kai wa ƙyallen da ta yar sura, wancan ya bi ƙadangare da ƙafa. Autan kuwa, in ya sako ƙasa, a igiyar shanya yake ƙarewa.

To, yau da gobe ba ta bar komai ba. Manyan biyun suka ƙware, ɗaya ya tayar da kurciyoyi, ɗaya ya tare. Kullum da safe sai ta share gashin tsuntsu. Ta jefe su da takalmi, ta kaɗa musu tsintsiya, ta koma kan keke bayanta na ciwo. Ga wanki, ga juya mara lafiya, ga masu ɗinki suna sallama, yanzu kuma ta zama mai gadin kurciya. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Maigida, ashe tarko muka ɗana wa bayin Allah," ta ce, ta je ta kwance farantin.

Kurciyoyi suka daina zuwa, shahunan ma haka. Maigidan kuma ya datse baki, ya ƙi abinci. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har kuka ta yi a kicin. Ta sayo masa kurciya a keji, ko kallo ba ta ishe shi ba.

Wata safiya tana goge masa fuska ta ga ya ƙura wa katanga ido. Autan ne ya dawo shi kaɗai, ya rame, yana leƙen reshen da babu komai. Maigidan ya ɗaga hannunsa mai lafiya da ƙyar, ya nuna shi, ya nuna baki.

"Wai dama wannan ragon kake jira?" ta ce. "Shi ne fa bai taɓa kama komai ba."

Ya lumshe ido, alamar ya sani.

Ta daɗe a tsaye, don ta san sarai wanda za ta ciyar, ta kuma san da naman kurciyoyin za ta ciyar da shi. Sannan ta ɗauko farantin ta cika shi da tsaba, ta taka kujera ta rataye. Kafin ta dawo ɗaki ya buɗe baki yana jiran cokali.