Daga Bebeji Zuwa Riruwai Neman Tukurwa

Bebeji

Ban jira gari ya waye ba. Ana sallame sallar asuba na dawo gida na ɗauki buhunan algarara biyu, da 'yar fartanya, da jarkar ruwa, na ɗaure su wuri guda. Maiɗakina ta biyo ni har zaure da kofin koko a hannunta.

"Yanzu saboda itace za ka rufe shago? Ɗinkin mutane fa?"

"Jibi ina kan keke, in Allah ya yarda."

Ta miƙo mini kokon, na shanye a tsaye.

Ni tela ne, amma a unguwarmu an fi sanina da lambun bayan gidana. Dangin dabino nake tarawa. Ina da giginya da goriba, da dabino iri-iri, da kajinjiri, da kwakwar manja da na ɗauko daga Kudu a cikin bokiti, har da wata doguwa mai santsin jiki irin wadda ake jerawa a ƙofar manyan otal na Kano. Kawuna Malam Sale na Kiru, ƙanin mahaifiyata, shi ya sa mini wannan son tun ina ƙarami. Abu ɗaya ne ni da shi muka rasa: tukurwa, wadda daga jikinta ake samun gwangwala. A wajenmu babu ita, sai dai a kawo gwangwalar kasuwa a bushe.

A makon nan wani direba mai jigilar masara daga Doguwa ya zo karɓar ɗinkinsa, ya ce ya ga tukurwa a wani rafi bayan Riruwai, 'ya'ya sun yi mata nauyi har suna reto. Ita kuwa tukurwa sau ɗaya take haihuwa, in ta zubar da 'ya'yanta sai ta bushe. Tun da na ji labarin nan na kasa zama. Wuyan riga ɗaya sai da na farke shi sau biyu.

Kiru

Ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gidan Kawu rana na fitowa. Niyyata in tambaye shi kwatance kawai, domin yana saurayi ya yi aikin haƙar ma'adinin kuza a Riruwai, can ma ya fara ganin tukurwa. Sai na tarar da shi zaune a kan dakali da babbar riga da hula, sandarsa a gefe, ƙafarsa mai ciwo an naɗe ta da farin ƙyalle.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Kawu, ina zuwa haka da sassafe?"

"Inda za ka."

"Ƙafar nan ba za ta iya duwatsun can ba."

"Nasiru, tun ba a haife ka ba nake neman itacen nan. In ka bar ni a kan dakalin nan, motar da ke bin taka ni ne a ciki."

Na dubi iyalinsa da ke leƙowa daga soro, ta ɗaga mini hannuwa alamar ita ma ta yi iya ƙoƙarinta. Muka ɗauki babura biyu zuwa Kwanar Dangora.

Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada

A tasha muka sami ƙaramar mota mai jiran cika. Kawu ya samu gaba, ya sa aka kawo masa shayi ba sukari da ƙosai, ya zauna yana ci kamar wanda ba shi da wurin zuwa. Ni kuwa in zauna, in tashi, in zagaya motar, in leƙa titi. Abin da ke raina shi ne kada wani ya riga mu, ko awaki su cinye tsiron da ke ƙarƙashin tukurwar.

Direban ya ce, "Malam, zagayen nan naka ba ya kawo fasinja. Mara lafiya za ku dubo ne?"

Kawu ya ce, "Kusan haka ne."

Hantsi ya yi sosai kafin mu tashi. Ruwan farkon damina ya sauka, gonaki ko'ina ana huɗa, shanu da garma a gaba, masu shuka a baya. A Tudun Wada direban ya ce nan ya tsaya, muka sauka kusa da injinan casar shinkafa, ƙura da dusa na tashi. Muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, muka yi azahar, sannan muka sami tsohuwar bas mai zuwa Doguwa, an cika bayanta da buhunan taki.

Dajin Falgore

Da shigarmu dajin hira ta mutu a motar. Itatuwa suka rufe dama da hagu, wayoyi suka daina kamawa. A wani shinge jami'in tsaro ya sa aka buɗe baya, ya zaro fartanyata ya ɗaga.

"Ta waye?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Me za ka haƙa? Kuza?"

"Itace za mu ciro."

Ya dube ni, ya dubi Kawu da ƙafarsa. "Daga Kiru har nan? Ga itatuwa nan ko'ina, Baba, ku zaɓa." Ya yi dariya ya mayar da ita. Fasinjoji ma suka yi dariya, suka shiga tambayarmu ko magani ne. Kawu ya yi ta yi musu bayanin ganyen tukurwa, yadda ɗaya kan fi tsawon ɗaki, har muka fita daga dajin.

Riruwai

Daga Doguwa muka sake hawa babura. Hanya ta fara hawa, duwatsu suka taso baƙaƙe, hadari na kwance a kansu. Mun isa bayan la'asar. Kawu ya yi ta kiran sunayen abokan aikinsa na da, duk wanda ya ambata sai a ce Allah ya yi masa rasuwa. A ƙarshe ɗan ɗaya daga cikinsu, mai sayar da kayan babur, ya gane sunan Kawu, ya sauke mu a zaurensa, aka kawo mana tuwon masara da miyar kuka. Ya ce rafin yana bayan dutse kusa da rugar Malam Buba, amma ba a tafiyar da yamma.

Na so mu tafi a lokacin. Kawu ya ce in zauna. Na zauna, amma ban runtsa sosai ba.

Rugar Malam Buba

Da safe babur ya kai mu iyakar inda zai iya, sauran muka taka. Kawu na dogara sanda, yana tsayawa yana haki, ni ina gaba ina dawowa. Malam Buba, dogon mutum mai kiwo da noma, ya tarbe mu da "Jaɓɓama," sannu da zuwa ta Fulatanci, ya shimfiɗa tabarma, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Goggo, ta kawo fura da nono. Sai da aka gama gaisuwa kaf, har da ta shanu, sannan Kawu ya faɗi abin da ya kawo mu.

Malam Buba ya nuna rufin wani sabon ɗaki. Gwangwala ce jere, ɗanya shar.

"Da kun zo kafin kasuwar da ta wuce, da kun same ta a tsaye. Ta riga ta fara bushewa, na sare."

Ban san lokacin da na ajiye ludayin ba. Kawu ya ɗaga kai yana kallon rufin nan.

Goggo ta ce, "Ku je ku ga wurin mana. Ta bar 'ya'ya."

Muka gangara. Ruwan rafin ya yi ja da laka, domin masu wankin kuza suna can sama. Ga kututturen kwance, ga 'ya'yan warwatse, kowane kamar ƙwan kaza, mai ƙyalli da ɓawo irin na kifi. Yawancinsu sun ruɓe. Amma a gefen ruwa, cikin inuwa, ga tsiro huɗu, ganyensu bai wuce kamu ɗaya ba. Kawu ya yar da sanda ya durƙusa a cikin laka da babbar rigarsa, ya sa yatsa yana shafa ganyen.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce."

Na ɗaga fartanya zan fara da na farko, Goggo ta ce daga bayanmu, "Biyu za ku ɗauka."

Kawu ya juyo. "Goggo, lakar nan za ta kashe su. Kafin kaka ta zo, ta riga ta binne su. A wajenmu za a yi musu shinge, a ba su ruwan rijiya."

"Wataƙila. Amma da gwangwalar rafin nan aka yi gadon da na haifi Buba a kai. In kun kwashe duka, jikokina su je Kiru saran gwangwala?"

Na yi maganar biya, ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. Kawu ya daɗe yana kallon tsiron, sannan ya ce, "Gaskiyarki. Nasiru, biyu." Na haƙo su da ƙasarsu, na naɗe kowane a jiƙaƙƙen buhu. Malam Buba ya kewaye biyun da suka rage da ƙaya muna tsaye.

Komowa

Daga nan gaggawata ta koma ta wani abu daban: in kai su gida kafin saiwarsu ta sha iska. A Doguwa muka sami bas, na rungume buhunan a cinyata, na ƙi yarda a sa su a baya.

A tsakiyar Falgore, rana na tsaka, motar ta yi tari ta mutu. Direba ya buɗe gaba ya ce ruwa ya ƙare mata, ya bi fasinjoji yana tara abin da ke hannunsu. Jarkata ta tafi cikin injin, motar kuma ba ta tashi ba. Muka koma inuwa a bakin titi, kowa na kallon daji yana kallon hanya. Ba mai son yamma ta same shi a wurin.

Ruwan da ya rage mana shi ne 'yar gorar Kawu ta shan magani. Na je tsayar da wata mota, ba ta tsaya ba, na dawo na tarar yana tsiyaye gorar a kan buhunan. Leɓɓansa sun bushe.

Na fizge gorar. "Kawu, me ke nan? In wani abu ya same ka a dajin nan, me zan ce wa mahaifiyata?"

"Ni na iya haƙuri da ƙishi. Su ba su iya ba."

"Sha sauran."

Bai taɓa jin na ɗaga masa murya ba. Ya dube ni, ya karɓa ya shanye.

Wajen la'asar wata babbar motar masara ta tausaya ta tsaya. Aka sa Kawu a gaba, mu muka hau saman buhuna. A wani rami motar ta yi tsalle, buhun masara ya gangaro ya danne ɗaya daga cikin tsiron. Da na janye shi, zuciyar tsiron ta karye tun daga gindi. Itacen dangin dabino kuwa in zuciyarsa ta karye, shi ke nan. Na riƙe ɗayan a ƙirjina har Kwanar Dangora.

Kiru, da yamma

Sai a ƙofar gidansa na gaya wa Kawu. Ya buɗe buhun ya duba karyayyen, ya yi salati, ya ajiye shi gefe. Na ɗauki mai ran na shiga da shi lambunsa, na fara neman wuri kusa da rijiya.

"Me kake yi?"

"Dasawa. Kai ka fi ni daɗewa kana nema."

Ya zauna a bakin rijiyar ya miƙe ƙafarsa, ƙyallen ya yi ja da lakar Riruwai. Ya daɗe yana duban giginyoyinsa.

"Rijiyar nan tana ƙafewa da bazara, ka sani. Kuma 'ya'yana sun fara auna wurin nan da ido, shaguna suke so su yi in na kau. Ba na ganin laifinsu. Kai kana bakin fadama. Ɗauke ta."

"Kawu..."

"Na gan ta, na taɓa ta. Ɗauke ta kafin magariba, kada ta kwana a buhu."

Bebeji

Na iso gida ana kiran magariba. Bayan salla maiɗakina ta riƙe mini fitila, na haƙa rami a inda ruwan alwala ke gangarawa, ƙarƙashin inuwar goriba, na zuba taki, na dasa, na kifa mata tsohon kwando saboda kaji. Ganye ɗaya ya yi yaushi, ɗayan yana tsaye.

Washegari ina buɗe shagona na ƙofar gida na ji babur ya tsaya. Kawu ne, da sandarsa da 'yar kujerarsa ɗaure a baya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya wuce lambu, ya ɗaga kwandon ya leƙa, ya ajiye kujerar a gefenta ya zauna.

"Je ka yi ɗinkinka," ya ce. "Ina nan."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa mai masaukinmu na Riruwai, da direban motar masara da bai wuce mu ba, da Malam Buba da Goggo. Biyun da suka rage a bakin rafi kuma, Allah ya tsare su daga laka.