Mutumin da Ba a Ga Ƙuri'arsa Ba

Ku matso nan, ku ara mini kunne. Wannan babu Gizo a ciki, babu Ƙoƙi, da idona na gani. Warin busasshen kifin maƙwabta ne ya shigo ta taga ɗazu, ya tuna mini.

Ina yarinya a unguwar Misfala a Makka, kakata tana da ɗaki a ƙasan bene inda take saukar da alhazai. Wata shekara aka kawo mana wani siririn mutum mai cin shinkafa da irin kifin nan. Mu a Makka duk mai irin fuskarsa Bajawe muke ce masa, wato mutumin tsibiran gabas mai nisa. Ya ce a'a, shi daga Kambodiya yake, ƙasar mutanen Kemar. Aka gama Hajji, kowa ya nufi Jidda neman jirgin ruwa, shi bai motsa ba.

Kakata ce ta tatso labarinsa, ita da Larabcinta na kasuwa, shi da nasa na littafi. Ashe malamin makaranta ne, wata ƙaramar jam'iyya ta 'yan adawa ta tsayar da shi takara. Ranar zaɓe, kowa zai ɗauki takarda mai launin jam'iyyarsa ya jefa a akwati, soja na tsaye yana kallon hannunsa. Ya jefa tasa, uwarsa ta jefa, ƙanensa ya jefa. Da aka buɗe akwati, aka ce bai samu ko ɗaya ba.

"Hajja, har tawa babu," in ji shi. "To wane ne ya je wurin ranar?"

Da aka fara ɗauke 'yan jam'iyyar ne ya gudo. Abu ɗaya ke cinsa: uwarsa na raye kuwa?

Hajji ya zagayo. Wata rana da tsakar rana, zafi ya kori kowa daga lungu, sai ga wani alhaji ya shigo mana da baya da baya, mayafi rufe da fuskarsa. Ya laluba ya durƙusa gaban randar ruwa, ya fara yi mata magana da yarensu, a hankali, kamar mai gaida tsohuwa. Baƙonmu ya fito ya tsaya a bayansa, har ya miƙa hannu, bai taɓa shi ba.

Kakata ta gane kamannin ƙafafunsu. Ta ce, "Ɗana, yayanka ne fa a bayanka."

"Hajja, yayana ya rasu, mun yi masa salla," in ji mai mayafin. "In mun koma za a ɗora mana Alƙur'ani a tambaye mu ko mun gan shi. Sabon alhaji ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Ni da randa nake magana."

Ya gama, ya sha ruwa, ya fita bai waiwaya ba.

Kakata ta ce wa baƙonmu, "Me randata ta ji?"

Ya ce, "Uwata na nan da ranta. Ta ce in zauna a mace. In na tashi, ƙanena za su ɗauka."

Ya kuwa zauna. Ruwa ya riƙa ɗauka a garwa yana kai wa gidaje har gashinsa ya yi fari, bai sake ambaton ƙasarsu ba. Ƙanen bai ƙara zuwa ba. Kakata ta riga shi rasuwa. Gidanmu otal ne yanzu, ni kuma ina unguwar Shisha a hawa na sama, jikokina ba sa jin Hausa sosai. Shi kuwa baƙon namu, da ya rasu a Harami aka yi masa salla ta biyu, kuma ba mu san wanda za mu aika wa ba.