Yadda Kawuna Alƙali Ya Binciki Wasan Harbi

Shekarar da wasan harbin nan ya shigo Goronyo ina koyarwa a firamare, da rani kuma ina taɓa noman albasa a ƙasan dam kamar kowa. Wanda ya kawo shi wani magidanci ne da ya daɗe yana gyaran rediyo a Sakkwato. Ya dawo gida ya kama shago a bayan kasuwa, ya sa talabijin biyu, benci uku da ƙaramin janareto a waje. Wasan na wani tantiri ne a wani babban birnin Turawa. Za ka riƙe 'yar na'ura mai maɓallai da suke kira hannu, ka zama kai ne tantirin, ka ƙwace mota, ka yi harbi, 'yan sanda su biyo ka.

Ba a rufa wata biyu ba ƙara ta kai gaban Mai Unguwa. Manoman rani suka ce 'yan ƙwadago sun daina kaiwa la'asar a gona. Ana tsakiyar dashe, da an ji tashin janareto sai ka waiga ka ga kai kaɗai ne. Wani dattijo ya ce ɗansa, mai mata da 'ya'ya biyu, ya bar injin ban-ruwa yana aiki har komayen albasa suka cika suka fashe. Kowa ya ce a rufe shagon.

Mai Unguwa ya naɗa mutum uku su duba lamarin: shugaban manoman rani, ni a matsayin mai rubutu, da kawuna, yayan mahaifiyata, alƙali mai ritaya wanda ya yi zama a Wurno da Rabah. Kawu mutum ne da ko gaisuwa zai amsa sai ka ɗauka hukunci yake karantawa. An sa shi ne don kowa ya tabbata kwana ɗaya ya ishe shi ya gama da shagon.

Kawu ya ce wa Mai Unguwa, "Ranka shi daɗe, shekara talatin ban taɓa yanke hukunci ban ji ta bakin wanda anka yi ƙara ba. Sai na ga abin da idona."

Washegari da hantsi muka je. Mai shago ya share benci da gefen rigarsa, ya kori samarin da ke ciki, ya miƙa wa Kawu hannun wasan. Ya nuna masa maɓallin tafiya, da na gudu, da na shiga mota.

"Motar wa?" in ji Kawu.

"Allah shi gafarta Malam, duk wadda ka gani."

"Da izinin mai ita?"

"Ai ba a tambaya."

"To ni da ƙahwa za ni."

Haka Kawu ya yini yana yawo a ƙasa cikin birnin nan, yana bin gefen titi, yana tsayawa in fitilar hanya ta nuna ja. Mai shago ya ce tunda ya sayo faifan wasan bai taɓa lura fitilun suna canzawa ba. Kawu ya tambayi maɓallin sallama, aka ce babu. Ya ce in rubuta. Shugaban manoma kuwa abin da ya dame shi daban ne. Ya sa aka zagaya birnin gabas da yamma, ya ga kogi cike da ruwa babu inji ko ɗaya a bakinsa, babu gona, babu ko akuya.

"Mutanen garin ga mi suka ci?" ya tambaya. Na rubuta wannan ma.

Kwana na biyu Kawu ya so ya matsa wa wata tsohuwa ta wuce, yatsansa ya zame ya danna wani maɓalli, sai tantirin ya kai mata naushi ta faɗi. Kawu ya yi salati. Kafin ya rufe baki motar 'yan sanda ta iso, abin da ya burge shi ƙwarai, don ya ce a Rabah ya taɓa aikawa a kira ɗan sanda ranar kasuwa ya zo ranar wata kasuwar. Ya tsaya cak yana jira a kama shi a kai shi kotu, har yana shirya abin da zai faɗa. Amma da ya motsa don ya matsa kusa da su, suka buɗe masa wuta. Allon ya yi duhu, sai ga shi tsaye a ƙofar asibiti, lafiya lau, ko ɗingishi babu.

Kawu ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Rubuta: asibitinsu na da kyau. Shari'a babu."

Na ɗauka an gama. Da yamma Kawu ya aika wa Mai Unguwa cewa an ɗage zama, akwai sauran shaidu.

A kwana na biyar abin ya juya. Kawu yana tsallaka titi a inda aka tanada, bayan ya duba dama da hagu, wata jar mota ta banke shi. Ya fito asibiti, ya koma wurin, wata ta sake banke shi. A ta uku ya juya wurin mai shago, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wane maɓalli kac ce shina buɗe ƙohwar mota?"

Ya finciko direban ya yar a titi. Ya ce tambayoyi zai yi masa, amma mutumin ya tashi ya ruga. Tunda mai mota ya gudu, in ji Kawu, motar ta zama abin shaida, kuma ba a barin abin shaida a kan hanya. Ya shiga. Kawu bai taɓa tuƙa ko babur ba a rayuwarsa. Kafin ya kai kwanar farko ya kwashe turakun fitila huɗu da rumfar mai sayar da abinci. 'Yan sanda suka biyo shi, shi kuwa ya riga ya san irin shari'arsu, bai tsaya ba.

Daga nan aikina ya ƙaru, don kowane abu Kawu ya yi sai ya ba shi suna in rubuta. Bindigar farko tsintuwa ce, yana riƙe da ita kafin mai ita ya bayyana. Harbin farko kare kai ne. Da ya tarwatsa wata ƙungiyar 'yan daba a tashar jirgin ruwa, ya ce taimakon hukuma ne, ko da yake hukumar ba ta nema ba. Shugaban manoma ya daina zuwa tun kwana na shida, ya ce albasarsa ba ta san an ɗage zama ba. Samarin da aka kora suka dawo suna leƙe ta taga, daga baya suka shigo suka zauna a ƙasa, suna faɗa wa Kawu ta inda abokan gaba za su ɓullo. Shi kuma yana cewa, "Ku yi shiru, kotu na zama," idonsa na kan allo, rawaninsa ya karkace.

Sai da Mai Unguwa ya aiko sau uku muka kai rahoto, bayan mako uku. Aka taru a ƙofar gidansa bayan la'asar, na karanta. Daga cikin alherin wasan, Kawu ya lissafa hanyoyi marasa rami, da 'yan sanda masu zuwa kafin a kira su, da kuma cewa ba a tambayar mutum ɗan wane ne kafin a harbe shi, kowa daidai. Ya yaba yadda yake koya wa yatsu sauri, ya ce sanyin ƙashin da ke damun babban yatsansa ya yi sauƙi. Aibin ya fi yawa. Babu sallama, babu kotu, babu hanyar da mai laifi zai tuba ya miƙa kansa. Ba a kiran salla. Abin da ya fi tsaya masa shi ne gawa: mutum ya faɗi, ka juya ka waiga ya ɓace, ba wanka, ba jana'iza, ba wanda zai zo ya ce ɗan'uwansa ne. A nan ya karɓe maganar daga bakina ya faɗa da kansa, kuma na ga da gaske yake. Ya ce duk kisan da aka taɓa kawowa gabansa, dangin mamaci ne ke cika kotu, wasan kuwa ya cire su.

Hukuncin shi ne ba za a rufe shago ba. Za a kashe janareto lokacin salla da ranakun da ake sakin ruwan dam, kuma kada a buɗe wa 'yan ƙwadago sai bayan la'asar. Saboda haɗarin abin, dole a sami dattijo mai sa ido a kai a kai. Mai Unguwa ya tambayi wa zai iya. Kawu ya ce nauyi ne, amma ba zai guje masa ba.

Ya sa ido har kaka. Sannan faifan ya fara ciwo. Akwai wata gada da in tantirin ya hau ta da mota sai hoton ya daskare, mai shago ya ciro faifan ya hura masa iska ya goga a riga, a mayar, a sake daskarewa a wuri guda. Bayan gadar nan kuwa ubangidan 'yan daban yake, wanda Kawu ya yi wata uku yana tara masa tuhuma. Rannan faifan ya ƙi tashi gaba ɗaya. Mai shago ya sa na ƙwallo, samari suka yi murna, Kawu ya ce ƙwallo ba huruminsa ba ne.

Ranar wata Asabar ya kira ni zaure, ya ce in shiga Sakkwato in nemo wani faifan. In Inna, matarsa, ta tambaya, in ce tabarau ya aike ni saye.

Ina fitowa na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, na fara zancen tabarau. Ba ta ɗago ba.

"Na ji, ɗana. In ka samu abin nasa ka sawo mai. Amma tabaran ma ka sawo da gaske. Matan unguwa sun ce rabin waɗanda ya harbe mutanensa na."

Faifan ban same shi ba, na zagaya shaguna har azahar aka ce an daina kawo irinsa. Tabarau na samu, kuma ya yi masa daidai.