Jibsin da Ke Jikin Gadar Kwari

Har yau in na ga buhun jibs, farar hodar nan da ake kwaɓawa a shafe bango, shekarar 2009 ce ke faɗo mini, lokacin da ƙasa ta yi ta girgiza a wajen Al-Ays, har mu a Madina muna jin kwanuka na kaɗawa. Ni ne muraƙib, wato shugaban leburori, a wani kamfanin gyaran hanya. Aka tura mu duba wata gada da ke kan kwari a hanyar Badr.

Gada ba manne take da ginshiƙanta ba. Zaune take a kan wasu faifan roba don ta samu wurin motsi, kuma a nan girgiza ke fara cin ta. Muka tarar kan ginshiƙi ɗaya ya tsage. Muhandis, wato injiniyanmu, ya sa aka tare hanya, muka shafa jibs a kan tsagar. In jibsin ya fashe, tsagar na buɗewa ke nan. In bai fashe ba, a saki motoci.

Kwanakin nan ban zauna ba. Direbobin dabino na zagina, ofis na bugo waya, ni kuwa kullum in leƙa in ga jibs lafiya lau. Ran nan muhandis ya ce bayan la'asar a buɗe. Hankalina dai ya ƙi kwanciya, don jibsin ya fi yadda na bar shi kyau, ni kuwa na san hannuna.

Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi, Malam Idi, mai kiwon tumakin kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe, da ke shan inuwa a ƙarƙashin gadar. Na ce, "Baba, wani na taɓa wurin nan?"

Ya yi murmushi. "Ni ne, ɗana. Kullum shugul ɗinku, jibsin nan, sai ya tsage. Na ce kar mudir, shugabanku, ya gani ya ci mutuncinka, ga ragowar jibs kun bari, sai nake liƙe maka. Da can magini ne ni."

Na waiga wajen hanya. Ga tireloli a jere, har sun tayar da inji. Na ruga ina ɗaga hannu kamar mahaukaci. Da aka kankare jibsin, yatsana ya shige tsagar.

Ban iya yi masa faɗa ba, laifin me? Amma tun ranar, duk inda na sa alama, sai na nemi wanda ke zaune kusa na gaya masa amfaninta. Mu Hausawa ba ma iya ganin aikin ɗan'uwa ya lalace mu wuce.