Tuwon da Buba Ya Bari

Ranar da Buba ya tashi ya bar tuwona a kan tebur, ko loma ɗaya bai kai baki ba, har yau tana nan a raina. Ku da kuka fara aiki da mu kwanan nan kuna yawan tambayata dalilin zanar nan da ke gefen shago, alhali ga gilashi mai kyau a gaba. Wata cikinku ma ta ce zanar tana ɓata mana tsari. To, ku saurara in ba ku asalinta.

Da farko gidan abincin Hajiya Asabe rumfar kwano ce a bayan kara, wato kasuwar shanu. An kewaye ta da zana, an shimfiɗa tabarmi, sai benci a bakin ƙofa. Tsarin aiki kuwa shi ne wanda kuka tarar, kowace tukunya da mai ita. Akwai mai shinkafa, akwai mai miya, akwai mai wanke-wanke, ni kuma ina kan tukunyar tuwo. Hajiya ita ke karɓar baƙi, ita ke sallamarsu. Muddin tukunyarki tana ƙarewa kullum, kina da aiki. Idan abincinta ya fara kwana, Hajiya takan sauke ta, mai ita ta koma gida. Ba mugunta ba ce, haka sana'ar take.

Masu cin tuwona yawancinsu mutanen kara ne: dillalai, masu lodin shanu, da Fulanin da ke fitowa daga rugage ta wajen Beri da Nasko ranar kasuwa. Buba yana cikinsu. Magidanci ne dogo, ba ya son yawan magana. In ya zo, can ƙurya yake wucewa, ya juya fuskarsa ga zana, in kai masa tuwon masara da miyar kuka, in zuba man shanu a kai. Ya ci, ya nemi ƙari, ya tafi. Shekaru muna haka, ban taɓa tambayar kaina me ya sa kullum ƙurya yake zaɓa ba.

Ana nan sai Hajiya ta samu wannan shagon na bakin titi. Ga siminti, ga fanka, ga tebura da kujerun roba, gaban kuma duk gilashi ne, daga titi kana ganin har inda muke jera kwanuka. Dukkanmu mun yi murna, musamman ni da ruwan sama ya sha kashe wa wuta a tsohuwar rumfa. Kasuwa kuwa ta buɗe. Ma'aikatan ofis da malaman makaranta suka fara zuwa, 'yan acaba suna kawo masu wucewa. Mai shinkafa sai da aka sayo mata babbar tukunya.

Tuwo ne kaɗai ya ja baya. Ko ranar kasuwar shanu, da a da kafin la'asar nakan kankare tukunya, sai ga malmala tana kwana.

Babu dalilin da ba mu kawo ba. Talatu mai miya ta ce garin ne, muka canza wurin niƙa. Hajiya ta ce ko nisa ne, amma daga kara zuwa nan ɗan taku ne. Aka ƙara nama a miya, aka rataya allo a waje mai cewa akwai tuwo. Wata ta ce baki ne, a nemi addu'a, aka yi sadaka. Duk da haka mutanen kara suka koma wajen matar da ta gaji tsohuwar rumfarmu. Ni kuwa na san tuwonta, gudaji ne cike da shi.

Rannan bayan mun tashi, Hajiya ta kira ni gefe.

"Maman Sadiya, kin san ba na ɓoye miki magana. In aka yi Babbar Sallah ban ga canji ba, zan sauke tukunyar tuwo in ɗora taliya."

Na ce, "Hajiya, tuwona bai canza ba."

Ta ce, "Na sani, ni ma ina ci. Amma ni kaɗai ba zan cinye tukunya ba."

Ban yi mata musu ba, gaskiya ta faɗa. Sai dai yarana suna makaranta, kuma da tukunyar nan nake riƙe da su. Abu ɗaya na tabbata, hannuna bai lalace ba. Matsalar tana wani wuri, ban dai gano shi ba tukuna.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, sai ga Buba, bayan ya daɗe bai leƙo mu ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana duba ciki kamar mai neman wani, sannan ya shigo ya zauna a tebur na ƙarshe. Na yi farin ciki. Na zaɓo masa malmala mai laushi, na cika man shanu. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsuro. Sai ya ɗaga ido ya dubi titi. Wani tsoho mai malafa, da sanda a kafaɗa, yana tsaye daidai gilashin yana ciniki da ɗan acaba.

Buba ya mayar da lomar cikin kwano, ya goge hannu, ya miƙe.

Na ce, "Buba, lafiya? Ko gishiri ya yi yawa?"

Ya ce, "Na ƙoshi, Inna."

"Ƙoshi kuma? Ai ba ka ci ba."

"Na ƙoshi. Allah ya saka da alheri."

Ya je wajen Hajiya ya biya, ya fita yana kau da kai. Na ɗauki kwanon na koma baya wajen murhu, na ɗanɗana miyar, na ɗanɗana tuwon. Babu abin da ya same su.

Inna Dudu, Bafulatanar da ke kawo mana man shanu da nono, tana zaune kusa da itace tana hutawa. Ta ga duk abin da ya faru ta ƙofar baya. Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Ɗanɗana da kyau, Kaɗo. Ko za ki ɗanɗano tsohon a ciki."

Na ce, "Wane tsoho?"

"Mai malafar nan. Surukinsa ne, uban matarsa."

"To sai me? Ai bai shigo ba."

Ta gyara zama. "Ku dai ko a tsakiyar titi kwa zauna ku cika baki. Namu ba ya tauna a gaban surukinsa, ko a gaban manyan rugarsu. Gara ya wuni da yunwa. A can baya zana tana rufa musu asiri. Yanzu kun kwashe mutane kun zuba a kwalba, duk wanda ya wuce ya ƙirga musu loma."

Mu ma muna da kunyar surukai, amma ban taɓa kawo ta kusa da tukunyata ba. Na ce, "Inna, watanni muna wahala, me ya hana wani cikinsu ya faɗa mana?"

Ta ce, "Wanda ke kunyar a ga yana ci, shi zai buɗe baki ya ce ku ɓoye shi ya ci?"

Da yamma na sami Hajiya na kwashe duka na gaya mata. Ta dubi gilashinta.

"Wato in rufe shi? Ma'aikatan nan don shi suke zuwa. Suna son su ga tsabtar wuri tun daga waje."

Na ce, "A'a, Hajiya, a bar musu gilashinsu. Lungun gefe nake roƙo, inda muke ajiye itace. Zana da tabarma kawai, sai buta."

Ta ce, "Na gudu na bar zana a bayan kara, ashe tana biye da ni." Ta yi ɗan murmushi. "Je ki yi. Amma maganar Sallah tana nan."

Muka kwashe itacen, muka share, aka kafa zana. Inna Dudu ce ta ba da shawarar a raba lungun biyu da wata zanar a tsakiya, kowane ɓangare da mashigarsa, kuma kada a shigar da mutum sai an leƙa an ga wanda ke ciki. Ba mu rubuta komai a allo ba. Ita ta kai labarin ga 'yan uwanta masu tallar nono, su kuma suka kai rugage.

Makon farko mutum ɗaiɗai suka zo. Na biyu suka ƙaru, dillalai ma suka biyo su, don inda mai shanu ya zauna nan dillali yake. Kafin Sallah tukunyata ta koma ƙarewa da wuri, Hajiya kuwa ba ta sake tayar da zancen taliya ba.

A kasuwar ƙarshe kafin Sallah, Buba yana cikin lungu yana ci, sai ga tsohon nan mai malafa ya doso. Na tare shi tun daga nesa na gaishe shi.

Ya ce, "'Yata, an ce akwai wurin zama a nan."

Na ce, "Akwai, Baffa. Biyo ta nan."

Na zagaya da shi ta ɗaya mashigar, na shimfiɗa masa tabarma. Zana ɗaya ce tsakaninsa da mijin 'yarsa. Takalman Buba suna waje, kuma na ga tsohon ya dube su, ya ɗauke kai. Shi ma Buba ba zai rasa gane muryar ba. Babu wanda ya yi tari a cikinsu. Jim kaɗan sai na ga kwanon Buba ya leƙo ta bakin mashigarsa, an sharce shi tas, an turo shi a hankali. Na ɗauka na ƙara masa malmala.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Abinci mai daɗi da wuri mai kyau ba su kaɗai ke riƙe mai saye ba. Gilashin da ya kawo mana ma'aikata shi ya kori mutanen kara, kuma ba za su taɓa zuwa su yi ƙorafi ba, ƙafa kawai za su ɗauke. Don haka in kuka ga mutum ya ce ya ƙoshi ga kwano cike a gabansa, kada ku yi masa gardama, kada kuma ku ruga ɗanɗana miya. Ku fara duba inda idonsa ya kalla.