Sunan Kawu a Jarida

Shekarar da mutanen Katuru da na ƙauyukan Zurmi suka fara kwararowa Ƙaura da ƙunshin kaya a ka, mu 'yan tsiraru muka soma tara gero da dawa muna kai wa matan da aka kashe wa maza. Ba mu da suna, ba mu da ofis. Buhu zai shiga gida, ko maƙwabci bai san daga inda ya fito ba. Kawuna, tsohon malami a Sakajiki, shi ya kafa mana wannan doka: kada hagu ta san abin da dama ta bayar.

Sai wasu masu ba da tallafi suka ce za su taimaka, amma sai da rajista. Na tafi wurin ɗan yayana lauya, wanda tun da ya sa baƙar riga yake magana kamar mai ciwon haƙori. Ya ce hanya biyu ce. Ko mu zama kamfanin da ba a raba riba, wanda sai an jira amincewar manya a Abuja, damina tana iya wucewa. Ko mu naɗa amintattu, wanda ya fi sauri. Sai dai dole a buga sunayensu a jarida, don mai ƙorafi ya fito.

"Jarida?" na ce. "Kai, ka san inda muke kuwa?"

Ya ce, "Haba Baba, wa ka karanta jarida cikin daji?"

Raina ya ɓaci. Daji ba ya karatu, amma yana da masu karanta masa a tasha da kasuwa. Kuma a wurin 'yan bindigar daji duk wanda aka ce ƙungiya tana hannunsa, kuɗin Turawa na ƙarƙashin gadonsa.

Na kai wa Kawu maganar, ina roƙon mu jira Abuja. Ya ce, "Yunwa ba ta jiran sa hannu. Ku sa nawa farko. Ni mi ar rage mani?" Na yi musu har na gaji. Tsoro nake ji ƙwarai, na kuma faɗa masa.

Jarida ta fito. Bayan 'yan kwanaki ina zaune a zaurensa wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Da yake kunnensa ya yi nauyi, a bayyane yake sa ta, don haka na ji komai. Muryar saurayi ce, mai ladabi. Ya gaishe shi, ya tambayi gona, sannan ya ce, "Mun ji an ba ka amana, Malam. Allah shi sa albarka. Muna nan tahe gaisuwa."

Kawu ya ce amin, ya mayar da wayar aljihu. Ya ce in kwashe jikokinsa zuwa Ƙaura, shi ba zai bar gero a tsaye ba.

Da takardar rajista ta iso, na kai masa ya gani. Ya shafa hatimin da babban yatsa, ya miƙo mini. Ya ce in kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba, kuma kada in sake zuwa sai ya kira ni.